Ruwan Inabin da Ya Nuna da Wanda Ya Yi Tsami

Tunani a kan Bisharar Yohanna 2:1-11, zuwa ga jama'armu na Tambuwal da Kebbe

 

 Za mu fara da wani abin kunya da ya same mu, domin daga cikinsa ne wannan tunani ya fito.

Wata ranar Lahadi a watan Afrilu, tsakiyar bazara, mun tashi daga Tambuwal da sassafe muka nufi ɗaya daga cikin ƙananan majami'unmu a ƙasar Kebbe, inda jama'a suka yi wata biyu cur ba su ga firist ba. Mun tarar an share fili, an yayyafa ruwa, mata sun sha anko, yara uku kuma suna jiran karɓar Jikin Kristi karo na farko. Da muka shiga shirya bagade sai katekist ya ɗauko akwatin kayan Misa, muka buɗe kwalbar ruwan inabin da muka bari rabi tun zuwanmu na baya. Kafin mu kai baki, hanci ya riga ya ba mu labari. Murfin bai zauna daidai ba, akwatin kuwa yana ajiye ƙarƙashin rufin kwano, saboda haka abin da ke cikin kwalbar ya juye ya zama ruwan tsami. Laifin namu ne, gama ba mu riƙo wata kwalba ba, kuma babu inda za a samo ta a kusa. Dole muka tsaya gaban jama'ar Allah muka ce musu yau babu Hadayar Misa. Muka yi karatu da wa'azi da addu'o'i, yaran nan uku suka koma gida da fararen kayansu ba su karɓi abin da suka zo karɓa ba. Da aka tashi, wata tsohuwa ta matso kusa ta ce mana, "Fada, ashe shi ma yakan gaji da jira?"

Tambayar iyar nan tana zuciyarmu har yau, kuma ita muke so mu amsa.

Dalilin da ya hana mu yin Misa

Wasu sun tambaye mu ran nan ko me zai hana a yi da zoɓo ko lemon kwalba, tun da buƙata ta kama. Amsa ita ce, a jibinsa na ƙarshe da almajiransa, gurasa da ruwan 'ya'yan inabi Ubangijinmu ya ɗauka, Ekklisiya kuwa amana aka ba ta, ba ta da ikon musanya abin da Maigidanta ya zaɓa. Kundin Dokokin Ekklisiya na shekarar 1983, a doka ta 924, ya shardanta cewa ruwan inabin Misa ya zama na ainihi, daga 'ya'yan inabi, wanda kuma bai lalace ba. Roma ta sake jaddada wannan a 2004, sa'an nan a 2017 ta rubuta wa bishop-bishop na duniya cewa su sa ido a kan inda majami'u ke sayen gurasa da ruwan inabi. Wanda ya riga ya zama ruwan tsami ya fita daga sunan ruwan inabi, Misa ba ta yiwuwa da shi.

Wannan magana tsohuwa ce, kuma a nahiyarmu ta Afirka aka warware ta. Wajen shekara ta 253, Waliyyi Sipriyan, bishop na Kartaj a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, ya sami labari cewa wasu suna miƙa ruwa zalla a cikin ƙoƙo. Zamanin tsanani ne, ya kuma lura cewa mai yiwuwa tsoro ne ke sa haka, kada a ji ƙanshin ruwan inabi a bakin mutum da safe a gane shi Kirista ne. Sai ya rubuta doguwar wasiƙa ya tsawata musu, ya koyar cewa ruwan inabin yana nuna jinin Kristi, ɗan ruwan da ake ɗigawa a ciki kuwa mu ne jama'arsa, kuma da zarar sun gauraya babu mai iya raba su. Shi kansa an fille masa kai saboda bangaskiya a 258. Duk lokacin da kuka ga firist ya ɗiga ruwa cikin ƙoƙo, ku tuna ku ne ake zubawa a ciki.

Gidan biki a Kana

Bisharar da Ekklisiya ke karanta mana a watan Janairu, sau ɗaya a shekara uku, ta kai mu gidan biki a Kana ta ƙasar Galili, inda ruwan inabi ya ƙare ana tsakiyar hidima. Duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ko 'ya a ƙasar nan ya san nauyin wannan kunya. A ce tuwo ya ƙare alhali baƙi ba su gama sauka ba, ai magana ce da za a riƙa tunawa da ita har jikoki. Uwarmu Maryamu ce ta lura, ta kai wa Ɗanta maganar, ta kuma gargaɗi masu hidima su bi umurninsa. Akwai randuna shida na dutse a wurin, kowace tana cin kimanin lita 80 zuwa 120, watau gaba ɗaya jarka 20 zuwa 28 irin ta 'yan garuwa. Aka cika su da ruwa, aka ɗebo aka kai wa uban biki.

Abin da ya ba uban bikin mamaki shi ne ɗanɗanon. Mutum ne da ya san abu mai kyau in ya shiga bakinsa, ya kuma san al'adar mutane, cewa sukan fara fitar da mai daraja, in harshen baƙi ya mutu su biyo da na baya-baya. A wannan gida sai ya ga an juya tsarin. A wani wurin kuma, cikin Luka 5:39, Ubangiji da kansa ya lura cewa wanda ya saba da tsohon ruwan inabi ba ya marmarin sabo, littafin Sirak kuwa ya kwatanta sabon aboki da sabon ruwan inabi, wanda sai ya daɗe ake jin daɗinsa. Ashe Littafi Mai Tsarki ya san akwai ruwan inabin da daɗewa ke ƙara masa daraja. Mu kuma a Kebbe mun ga wanda wata biyu kawai suka hallaka. Mene ne bambancinsu?

Yadda ake yin mai kyau

A arewa maso yammacin Italiya, a jihar Piyemonte, kudu da birnin Turin, akwai wasu tuddai kusa da garin Alba da ake kira Langhe. A ƙauyuka 11 na wannan yanki ne kawai doka ta yarda a yi jan ruwan inabin nan mai suna Barolo, wanda mutanen ƙasar ke yi wa kirari da sarkin ruwan inabi. Da inabi iri ɗaya tak ake yin sa, Nebbiolo, sunan da ake dangantawa da kalmar hazo a harshensu, domin yakan riga sauran toho amma shi ne na ƙarshen nuna, sai cikin Oktoba sa'ad da hazo ya lulluɓe kwaruruka. Manomanmu za su gane shi: shi ne dawarsu, wadda ke tsaye a gona bayan gero ya daɗe da shiga rumbu.

Manomin da ya dasa itacen yakan jira shekara uku kafin ya ga amfanin kirki. Kowane hunturu yakan datse yawancin rassan, in 'ya'ya sun fito kuma ya yanke wani kashi ya zubar tun suna ɗanyu, domin ƙarfin itacen ya taru a kan waɗanda suka rage. Doka ma ba ta yarda hekta ɗaya ta ba da fiye da tan 8 ba. Ruwan ƙanƙara na ɗan lokaci kaɗan yana iya shafe wahalar shekara. Bayan girbi sai a murƙushe 'ya'yan, a bar ruwan tare da ɓawon na tsawon makonni, yisti yana cinye zaƙin yana mai da shi barasa, ɓawon kuma yana ba da launi da bauri.

Wannan baurin shi ne asirin al'amarin. Sabon Barolo yana kama baki kamar ɗanyar kanya, har wanda bai sani ba zai ce an cuce shi. Abin da ke kawo baurin wani sinadari ne da ake kira tanin, kuma mu mutanen ƙasar Sakkwato mun san aikinsa ko da ba mu san sunansa ba, gama shi ne ke cikin 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fatar jar akuya da su. Fatar da aka bari haka nan kwana kaɗan za ta yi ta ruɓe, wadda ta sha bagaruwa kuwa takan yi shekaru tana ƙara laushi da kyau. Haka baurin nan da ke sa sabon ruwan inabin wuyar sha shi ne ke ba shi ƙarfin daɗewa.

Tun 1980 gwamnatin Italiya ta sa Barolo cikin sahun farko na abin da take ba wa hatimin inganci. Bisa dokar da ke aiki yanzu, ba a fitar da shi kasuwa sai ya yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangunan katako, wanda ake kira Riserva kuwa sai ya yi wata 62. Masana sukan ƙara masa shekara 10 ko 20 a kwalba. A cikin waɗannan shekaru launinsa yakan sauya daga ja mai haske ya koma jan bulo, baurin ya kwanta, wani abu kamar laka ya taru a gindin kwalba, ƙanshi kuma ya buɗe: na furen wardi, na busassun 'ya'yan itace, na jemammiyar fata, har da wani ɗan ƙanshi mai kama da na kwalta. Sau ɗaya muka taɓa ɗanɗana shi, ranar da aka keɓe mu firist, sa'ad da wani tsohon Fada ɗan Italiya ya buɗe kwalbar da ya yi shekara 15 yana ajiye da ita, ya raba mana kowa kamar cokali biyu. Abin da muka fi tunawa shi ne, bayan an haɗiye, ɗanɗanon yakan daɗe a baki bai tafi ba. Kwalba ɗaya ta irin wannan takan kai albashin wata na ƙaramin ma'aikaci a ƙasarmu, wasu kuma sun ninka haka sau da yawa, kuma yawancin kuɗin nan ladan jira ne da kula.

Yadda yake lalacewa

Sai dai kada mu ɗauka shekaru kaɗai ke yin wannan aiki. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda in sun sami iska sukan juya barasar da ke cikin ruwan inabi ta zama tsami, zafi kuma yana hanzarta aikinsu. Saboda haka mai kula da gangunan Barolo ba ya hutawa. Katako yana shan kaɗan, wani kuma yana bin iska, sai ya riƙa zagayawa yana ciccika kowace ganga har baki don kada a bar wa iska wuri. In an ɗura a kwalba sai a toshe ta sosai, a kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, inda sanyi ke tsaye wajen digiri 12 zuwa 15 rani da damina. Tamu kwalbar kuwa rabi ce, murfinta a sake, a ƙarƙashin kwano, a watan da zafi ke wuce digiri 40.

To, iya, ga amsar tambayarki. Jira bai gajiyar da shi ba. Sakacinmu ne ya kashe shi. Lokaci ɗaya ne ke wucewa a kan kwalbar da aka kula da ita da wadda aka yi wa sakaci, ɗaya ta nuna, ɗaya ta yi tsami. Haka yake ga 'yan Adam. Dukanmu muna tsufa, dukanmu muna shan baurin duniya, amma ba dukanmu ne ke nuna ba.

Matar da ba ta yi tsami ba

Sunan Barolo yana haɗe da sunan wata baiwar Allah da ya kamata mu sani. An haifi Juliya Kolber a yammacin Faransa gab da juyin juya halin ƙasar na 1789, wanda a cikinsa aka kashe wasu daga danginta, iyalinta kuma suka yi gudun hijira. A 1806 ta auri Karlo Tankredi Falletti, magajin sarautar Barolo, ɗaya daga cikin manyan attajiran Turin. Allah bai ba su haihuwa ba. Kun san abin da rashin haihuwa ke yi wa gida a wurinmu: gorin dangi, zargin juna, shawarar a nemi wata a waje. Waɗannan biyu suka ɗauki matalautan birnin a matsayin 'ya'yansu.

A 1814, tana kan titi ana wucewa da Jikin Kristi za a kai wa wani majiyyaci, sai ta ji wani ɗan kurkuku yana ihu ta taga cewa shi miya yake so. Maimakon ta yi fushi da saɓon, sai ta nemi a shigar da ita ta ga halin da suke ciki. Abin da ta gani ya sa ta ba da shekaru masu yawa tana hidimar mata 'yan kurkuku, tana koya musu karatu da sana'a da katekisma, ta kuma buɗe gidan da zai karɓe su in sun fito. Ita da mijinta suka kafa ƙungiyar Sistocin Waliyyiya Hannatu a 1834, suka yi jinyar masu kwalara a annobar 1835. Mijin ya rasu a 1838, ta ci gaba ita kaɗai shekara 26. A ɗakunan da ta bayar ne Waliyyi Yohanna Bosko ya tara yaransa a 1844. Gonakin inabinta na Barolo suna cikin dukiyar da ta ɗauki nauyin wannan aiki, kuma a zamaninta ne sunan ruwan inabin ya fara fita. Mutanen yankin suna ba da labari cewa ta taɓa aika wa Sarki Karlo Alberto ganga 325, ɗaya domin kowace ranar shekara, ta cire kwana 40 na Azumi. Ta rasu ran 19 ga Janairu 1864, ta bar dukiyarta wakafi domin aikin jinƙai, a 2015 kuma Paparoma Faransis ya amince da nagartar halinta, matakin da ke kan hanyar zama waliyyiya.

Mace ce da ta ga kisan dangi, da hijira, da rashin haihuwa, da takaba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya mai da zuciya ruwan tsami. Ta tsare zuciyarta da addu'a da Sakramenti da hidimar matalauta, baurin ya kwanta, ƙanshin ya fito.

Mu fa?

Mu fara da gidajenmu, tun da a gidan aure Ubangiji ya yi alamarsa ta farko. Yawancin aure yakan bi tsarin da uban biki ya faɗa: mai kyau da fari, lefe da kiɗa da daɗin baki, sa'an nan na baya-baya. Shekara uku ko biyar, in bauri ya fito, sai mu ji ana cewa ba a dace ba. Ya ku ma'aurata, baurin shekarun farko, na rashin kuɗi da renon yara da koyon halin juna, ba shi ne alamar lalacewa ba. Abin da ke lalata aure shi ne murfin da aka bari a sake: asirin ɗaki da ake kai wa kasuwa, ƙawa ko aboki da ke hura wuta, fushin da ake kwana da shi, addu'ar iyali da aka daina. Ku dubi tsofaffin ma'auratan da ke zama a bencin gaba, waɗanda suka binne 'ya'ya tare, suka ga yunwa tare, yau kuma kallo ɗaya ya ishe su magana. Ku je ku tambaye su yadda suka yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ku kuma iyayenmu tsofaffi, furfura ba ta isa shaida ba. Akwai tsohon da yara ke gudu su zauna kusa da shi, akwai wanda in ya shigo kowa ke neman hanyar fita, domin ba abin da ke bakinsa sai ƙorafi da tsinuwa da lissafin laifin da aka yi masa shekara talatin. Kowannenmu ya tambayi kansa wanne yake zama.

Sa'an nan mu dubi kanmu a matsayin jama'a. Mu kaɗan ne a wannan yanki, yawancinmu malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro, 'yan kasuwa da manoma. Mun sha bauri. Ba mu manta da watan Mayun 2022 ba, sa'ad da aka kashe ɗaliba Kirista a birnin Sakkwato, aka kuma farfasa tagogin babbar majami'armu ta Iyali Mai Tsarki. Muna kuma fama da 'yan bindigar daji, waɗanda ba sa tambayar addinin mutum kafin su kore masa shanu ko su ɗauke masa ɗa. Neman adalci haƙƙinmu ne, ba za mu daina ba. Amma akwai wata iska da ke neman shiga ta wannan rauni, wadda ke raɗa mana cewa kowane maƙwabci maƙiyi ne, mu koya wa 'ya'yanmu ƙiyayya domin su tsira. In muka bar ta ta shiga, za mu ci gaba da zuwa coci, sunanmu na Kirista yana nan a jikin kwalba, abin da ke ciki kuwa ya riga ya juye. Maƙwabcinmu Musulmi da ya tsare mana shago ran da muka gudu, da wadda ta kawo mana kunu ran da muka yi rashi, su ma shaida ne a gaban Allah.

Tarihin dayosis ɗinmu yana koya mana jira. A 1953 aka danƙa wannan yanki ga Fadan Dominikan daga Amurka, a 1964 ya zama dayosis a ƙarƙashin Bishop Edward Lawton. Bishop Michael Dempsey ya biyo baya, sai Bishop Kevin Aje, sai Bishop Matthew Hassan Kukah a 2011. Sai a 2023, shekara 70 cif bayan farawa, aka yanki Dayosis na Katsina daga jikinmu, aka naɗa Bahaushe, Bishop Gerald Mamman Musa, ya shugabance shi. Waɗanda suka yi dashen ba su ga wannan rana ba, kamar yadda mai cika gangar Barolo sau da yawa wani yake cika wa.

Gargaɗi game da maye

Kada wani ya fita ya ce Fada ya yi wa giya talla. Abin da firist ke zubawa a ƙoƙo bai wuce 'yan cokula ba, kuma bayan keɓewa Jinin Kristi ne. Littafin Karin Magana sura 23 ya zana hoton mashayi da jajayen idanunsa da raunukan da bai san inda ya samo su ba, Manzo Bulus kuma ya hana Afisawa buguwa, ya lissafta ta cikin abubuwan da ke hana gadon Mulkin Allah a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa. Mun san gidajen da burkutu da ogogoro da 'yan ƙananan ledojin barasa suka cinye kuɗin makarantar yara, mun san matan da ke zuwa Misa da kumburin fuska. Mashayi yana neman abin da zai mantar da shi cikin gaggawa, wannan kuwa kishiyar duk abin da muka faɗa ne. Bugu da ƙari, muna zaune a jihar da ta kafa dokar Shari'a tun shekara ta 2000, tsakanin mutanen da addininsu ya haramta giya, kuma Kirista ɗaya da aka tsinta a kwata ya isa ya zubar da mutuncin jama'a duka. Wanda wannan ciwo ya kama, ya zo mu yi magana a asirce, gama ciwo ne da ke da magani. Ekklisiya ma, saboda tausayi, takan ba firist mai irin wannan rauni izinin yin Misa da ruwan inabin da ba a bari ya zama barasa ba.

Ga katekistoci da masu kula da bagade

Daga yau muna roƙo a kiyaye waɗannan. Kada a sayi ruwan inabin Misa a hannun wanda ba a sani ba, sai ta hanyar da dayosis ya amince da ita. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 Roma ta yarda a ƙarfafa shi da barasar da aka tace daga inabi har zuwa kashi 18 cikin 100 domin ya jure ajiya, irin wannan ne ya dace da zafinmu. In an buɗe kwalba, a juye ragowar cikin ƙaramar kwalba mai tsabta wadda za ta cika har wuya, a ɗaure murfin sosai. A ajiye ta a inuwa, in da hali cikin tukunyar ƙasa da aka sa a cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. A duba ta kwana biyu kafin zuwan firist, in an ji ta sauya a aiko da saƙo tun da wuri. Mu ma mun yi alkawari ba za mu ƙara fita ba tare da kwalba a jaka ba.

Kammalawa

Bayan mako uku mun koma majami'ar nan ta ƙasar Kebbe da kwalba biyu, yaran nan uku suka karɓi Ubangijinsu, iyar nan kuwa ita ta fara guɗa. Muna riƙe da ƙoƙon a ranar sai muka tuna cewa a kan gicciye, da Yesu ya ji ƙishirwa, ruwan tsami aka miƙa masa a soso. Abin da duniya ta ba shi ke nan, shi kuwa ya ba mu jininsa. Annabi Ishaya, a sura 25, ya hango bikin da Allah zai shirya wa dukan al'ummai a kan dutsensa, da abinci mai maiƙo da tsohon ruwan inabi tatacce, ranar da zai share hawaye ya kuma kawar da mutuwa. Can muka nufa, kuma mafi kyau yana gaba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka rufa wa ango asiri a Kana, ka dubi gidajenmu da majami'unmu na Tambuwal da Kebbe. Inda muka ragu ka cika mu, inda muka bar ƙofa a sake ka rufe, ka kwantar da baurin da ke zukatanmu, domin ranar da za ka ɗanɗana mu ka same mu mun nuna. Uwarmu Maryamu, wadda ta lura da rashin masu biki tun ba su roƙa ba, ki yi addu'a dominmu. Amin.

Allah ya albarkace ku, ya tsare shigarku da fitarku.